Halawar Sittin da Ɗaya

Wautar da na yi ƙarama ce, tsawonta bai wuce saƙon murya ɗaya ba. Ina fitowa daga ɗakin jarrabawa a Jidda, tun gumin tafin hannuna bai bushe ba, na zaro waya na shiga guruf ɗin danginmu na danna na ce, "Jama'a, na murƙushe ta. Na yi mata dukan da sai da mai sa ido a ɗakin ya ce in tausaya mata. Umma, a shirya halawa."

Daga nan na sayi ruwan mangwaro mai sanyi, na hau motar Makka, na yi barcina har gida kamar wanda ya ci yaƙi.

Jarrabawar ta shiga wata kwalejin koyon aikin lauya ce, wadda ke ɗaukar 'ya'yan baƙi mazauna ƙasar irina. Rabinta da Larabci, rabinta da Turanci. Larabcin bai ba ni tsoro ba. A Makka aka haife ni, da shi nake faɗa a layinmu na Hindawiyya, da shi nake mafarki, Hausa kuwa sai in na shigo gida ko in ina neman alfarma wajen Umma. Turancin ne matsalar. Nawa na wasan ƙwallon waya ne, ya ishe ni in zagi wani yaro da ke can wata nahiyar, amma bai ishe ni tambayoyin da suka jero mana ba. Za a ce maka mutum biyar za su zauna cin abinci, wannan ba ya zama kusa da wancan, wancan kuma sai a gefen taga, to wa ke zaune a tsakiya? A gidanmu in wani ya ce ba ya zama kusa da wani, tsawa ɗaya Umma ke dakawa kowa ya sami wuri. Na amsa su duka da sauri, na riga kowa fitowa, na ɗauka alamar ƙwaƙwalwa ce.

Sai in yi bayanin halawa, don a kanta komai ya rataya. A Makka in ka ci jarrabawa, ko ka sami aiki, ko ka sayi mota, sai ka raba wa mutane alewa. Wanda ka miƙa wa zai tambaye ka, "Ta mece ce?" Ka faɗa masa dalili, ya ce "Mabruk," sannan ya kai baki. Ba a cin ta a ƙi yin mabruk, wannan rashin kunya ne. Ba a kuma raba ta sai abu ya tabbata. Umma ta fi kowa sanin haka, kuma da ita kaɗai ce da ta jira sakamako.

Amma lokacin Gwaggo tana gidanmu. Yayar Baba ce, ta zo Umara daga Kano, jibi jirginta zai tashi. Tana jin saƙona ta ajiye carbi ta ce ita fa ba za ta koma gida hannu rabbana ba, a ce ɗanta ya zama lauya a ƙasa mai tsarki amma ba ta zo da shaida ba.

Umma ta ce, "Yaya, sakamakon bai fito ba tukuna."

Gwaggo ta ce, "Ba ki ji abin da yaron ya ce ba? Ko kin taɓa jin ya yi ƙarya?"

Yayata mace, wadda ke aiki a wani kantin magani a Rusaifa, ta shaƙe da shayi har sai da aka bubbuga mata baya.

Washegari Umma ta sayo kwali uku na laddu, alewar nan mai ruwan ɗorawa da ake dunƙulawa kamar fura. Biyu suka shiga akwatin Gwaggo, tsakanin dabino da jallabiyoyin jikoki. Na ukun Umma ta naɗe shi a leda ta tura can ƙasan firiza, ƙarƙashin kaji, ta ce wannan na mutanen Hindawiyya ne, sai ranar da takarda ta fito.

Kafin mako ya zagayo Kano ta cinye nasarata. Bidiyo suka riƙa shigowa guruf. Tsofaffin da ban taɓa gani ba suna tauna laddu suna sa mini albarka, wata har da guɗa. A nan aka raɗa mini Barista. Gwaggo ta sanar cewa ta riga ta sayi baƙin yadi ta kai wa tela ya ɗinka mini rigar lauyoyi, hular gashin ce kawai ba ta gano inda ake sayarwa ba. Baba tela ne, shekara da shekaru yana ɗinka fararen riguna a wani shago a Rusaifa, kuma a cikin wannan lamari duka abin da ya fara ɓata masa rai ke nan. Ya ce, "Yaro yana da uba tela, a kai ɗinkinsa wajen wani? Bai ma auna shi ba."

Sunan bai tsaya a Kano ba, ya biyo waya ya dawo layinmu. Kawuna, ƙanen Umma, yana da wurin gashin tsire a bakin titi, abin da Larabawan nan ke kira siriya suna bin layi a kansa. Da la'asar Hausawan unguwa ke taruwa a bencinsa, masu takardar zama da marasa ita, a sha shayi a yi gardama. Ina zuwa sai a matsa mini wuri. Wannan ya ce mai gidan haya ya hana shi gyaran famfo, me doka ta ce? Wancan ya ce maƙwabcinsa na ajiye mota a ƙofarsa. Ni kuwa in gyara zama, in ɗaga yatsa, in ce maganar tana da fuska biyu. Kowace shawara tsinken tsire ɗaya. A makonnin nan na yi ƙiba har wuyan rigata ya fara shaƙe ni.

Ranar da sakamako ya fito ina kwance a falo ƙarƙashin na'urar sanyi. Na buɗe saƙon da murmushi. Sittin da ɗaya cikin ɗari.

Na rufe na sake buɗewa. Na kashe wayar na kunna. Na duba ko lambar wani ce. Na juya wayar ƙasa sama, ya koma sha tara, na yi maza na mayar da ita daidai.

Sittin da ɗaya ba faɗuwa ba ce, kuma ba abin a yi guɗa ba ne. Kwalejin ba ta faɗin inda za ta yanke, kowace shekara ya danganta da waɗanda suka nema, amma kowa ya san masu saba'in da wani abu ne ke kwana da kwanciyar hankali. A ƙasan makin akwai wani jan maɓalli da bayani. Kana da dama zuwa azahar ɗin Alhamis ka soke makinka. In ka soke, an goge shi kamar ba ka taɓa zama ba, amma ba ka cikin masu neman shiga bana, sai baɗi. In ka bar shi, za ka nema da shi bana, kuma zai zauna a fayil ɗinka har abada. Ko ka sake zama nan gaba, haɗa tsohon da sabon za su yi su raba biyu.

Da cin abincin rana na faɗa musu. Na zaɓi lokacin da bakin kowa ke cike da shinkafa.

Umma ta ajiye cokali ta ce, "Cikin nawa?"

"Cikin ɗari, Umma."

"Ina sauran suka tafi?"

Yayata ta ce, "Suna wajen mai sa idon da ya ce a tausaya." Ta karɓi wayar ta karanta bayanin sau ɗaya, ta miƙo mini. "Khalas, yaro, magana ta ƙare. Soke shi. Ka zauna shekara guda ka koyi Turanci na gaskiya, ka dawo da tamanin. In ka bar wannan zai riƙa jan ƙafarka kamar ɗan goyo."

Umma ta ce, "Tsaya. Wato in ya danna wannan abin, babu wanda zai ga lambar?"

"Babu, Umma."

"Ko a Kano?"

"Ko a Kano."

Umma ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala, ta ce ashe masu kwalejin nan sun san darajar iyaye. Ta ce in danna yanzu kafin abinci ya huce.

Na ce ba zan danna ba.

Gaskiya a lokacin ban san dalili ba. Bakina ne ya riga ni, kamar kullum. Amma da na ji kalmar ta fita sai ta yi mini daɗi, na ƙara maimaita ta. Na ce ai ba a san inda za su yanke ba, wataƙila bana duk masu ƙwaƙwalwa sun tafi likitanci. Na ce wata uku na yi a saman bene ina karatu tsakanin tankin ruwa da tattabarun maƙwabta, tattabarun ma shaida ne, ba zan goge wata uku da ɗan yatsa ɗaya ba.

Yaya ta ce, "Rabin wata ukun ƙwallo kake bugawa a waya. Ina jin ihunka daga kicin."

"To sauran rabin ne ya kawo sittin da ɗaya. Ki ga da na yi duka."

Baba ya ci gaba da kai loma. Ya gama cin abincinsa, ya wanke hannu, ya ce wayar tawa ce, makin ma nawa ne, zuwa Alhamis akwai lokaci. Umma ta bi shi da kallon da ya sa ya fita shago tun rana ba ta yi sanyi ba.

Daga ranar gidanmu ya zama fagen yaƙi. Umma ta fara da lallashi, ta yi mini tuwo da miyar kuka da man shanun da take ɓoye wa baƙi. Na cinye na gode, ban danna ba. Ta koma fushi, ta daina kiran sunana, sai "wancan mai taurin kan". Sannan ta koma dabara. Wata rana bayan azahar ina barcin rana sai na ji ana taɓa mini fatar ido. Na buɗe, ga Umma a tsugune, wayata a hannunta ta saita ta daidai fuskata, ɗan yatsanta na ɗaga mini gira. Yaya ce ta gaya mata wayar da fuska take buɗewa, ta manta ba ta gaya mata sai ido na buɗe ba.

Na ce, "Umma, lafiya?"

Ta ce, "Zazzaɓi nake dubawa."

"Da waya?"

"Kwanta ka yi barcinka, marar kunya."

Daga ranar na koma kwana da wayar a cikin safa, safar kuma a ƙafata.

Kada in cika baki, ni ma na yi rawa. Ran Talata da yamma na hau saman bene na zauna a inuwar tanki, na buɗe shafin, na ɗora babban yatsana a kan jan maɓallin. Maganar Yaya gaskiya ce, na sani, lissafinta bai taɓa kuskure ba, shi ya sa ba a son zama da ita. In na soke, na huta. Babu sittin da ɗaya, babu dariya, Barista yana nan da rawaninsa, an dai ɗaga shari'ar zuwa baɗi. Na ma fara gwada abin da zan riƙa faɗa a bencin Kawu. Na kalli wata tattabara na ce mata, "Na'urarsu ce ta sami matsala." Ta karkata kai ta kalle ni da ido ɗaya. Ko ita ba ta yarda ba.

Ina nan zaune saƙon Gwaggo ya shigo, ni kaɗai ta turo wa. Ashe Umma ta gaya mata a asirce. Muryarta ƙasa ƙasa kamar mai sayar da kayan sata. Ta ce, "Ɗana, kada ka damu, na gyara komai ta nan. Na ce musu kuna tsakiyar jarrabawa aka ɗauke wuta, komai ya goge. Kowa ya yarda, har ana yi muku jaje. Kai dai danna abin da uwarka ta ce."

Na yi dariya har tattabarun suka tashi. A Kano wannan magana ba ta bukatar shaida. Amma a Hindawiyya in na ce an ɗauke wuta a ɗakin jarrabawa a Jidda, yaran layi ma sai sun bi ni da tafi. Ke nan ƙarya biyu zan riƙe, ɗaya ta Najeriya ɗaya ta Saudiyya, in riƙa tuna wadda zan ba kowa, tsawon shekara guda, duk Juma'a, duk suna, duk wanda ya zo Umara ya sauka gidanmu. Ni da ban iya tuna wa ke zaune a gefen taga ba.

Ga kuma wani abu. Ƙaryar farko tawa ce, na yarda, ni na ce na murƙushe ta. Amma wannan cika baki ne, kowa ya san halina, ni kaina na yarda da ita lokacin da na faɗe ta. Wannan ta biyun kuwa da idona buɗe zan yi ta, don a ɓoye abu ɗaya tak da na samu da hannuna. Na dubi lambar nan, sittin da ɗaya, tana zaune a shafin ita kaɗai, duk dangi daga nahiya biyu sun haɗu a kanta suna so a binne ta. Na ji tausayinta. Na ɗauke yatsana.

Ran Laraba bayan la'asar Umma ta shiga maƙwabta barka. Na buɗe firiza, na ɗaga kajin ɗaya bayan ɗaya, na zaro kwalin laddu. Na sa farar rigata ta Juma'a, na fesa turaren Baba, na nufi wurin Kawu ina riƙe da kwalin a gaba kamar mai kai lefe.

Bencin a cike yake. Hayaƙi na tashi, Kawu na barbaɗa yaji, Larabawa biyu na jira a mota. Ana ganina da kwali wuri ya ɗauki sowa. "Barista! Ta fito ke nan!"

Na fara da wanda ya fi kowa tsufa, wani dattijo da ya zo aikin Hajji tun kafin a haifi Baba bai koma ba. Na durƙusa na miƙa masa. Ya ɗauki ɗaya ya ce, "Ta mece ce, ɗan nan?"

Na ɗaga murya yadda na cikin mota ma za su ji. "Ta sittin da ɗaya ce, Baba Alhaji."

"Cikin nawa?"

Ban san me ya sa kowa ke wannan tambayar ba. Na ce, "Cikin ɗari."

Dattijon ya dubi laddun da ke hannunsa, ya dube ni. Ya riga ya ɗauka, mayarwa ba ta yiwuwa.

Ya ce, "To an ci ne ko an faɗi?"

"Ba a ci ba, ba a faɗi ba. An dai samu."

Ya ce, "To, mabruk," ya kai baki. Na manta daga firiza na ciro ta. Ƙarar da ta yi a haƙorinsa sai da Kawu ya waiwayo. Dattijon ya fito da ita ya duba, ya duba haƙorin da harshe, ya ce, "Alewar ma sittin da ɗaya ce." Ya jefa ta cikin shayinsa.

Nan aka fashe da dariya, ni ma na samu ƙafa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa sai ya tambaya, don haka al'ada ta ce, ni kuma in faɗi lambar da ƙarfi, shi kuma dole ya yi mabruk. Mai rigimar famfo ya ce in dawo masa da tsirensa, shawarar ɗan sittin da ɗaya rabin tsinke ce. Na ce an riga an yanke hukunci, sai dai ya ɗaukaka ƙara. Wani mai shagon turare, wanda ba ya buɗe baki sai ya ambaci 'ya'yansa, ya ce nasa ɗan casa'in da wani abu ya samu a tasa jarrabawar bara.

Na ce, "Masha Allah. Ina halawarsa? Mu dai ba mu gani ba."

Aka yi masa caa. Ya ce ai lokacin ana hidimar Hajji ne. Dattijon ya ce Hajji ta wuce da daɗewa, bakinsu kuma yana nan. Sai da ya yi alkawarin kawowa ran Juma'a aka ƙyale shi.

Kawu ya ja ni gefe, idonsa na hawaye, ban sani ba ko hayaƙi ne ko dariya. Ya ce, "Kai, uwarka ta san ka fito da kwalin nan?"

"Za ta sani."

"Ta riga ta sani. Ga matar mai turare can a taga da waya a kunne." Ya naɗe mini tsire a takarda. "Ci ka ƙoshi. Ba a shiga wajen yayata da yunwa."

Na rage laddu ɗaya a kwalin na koma gida.

Umma na zaune a falo ko mayafi ba ta cire ba. Baba ya dawo, Yaya na tsaye a ƙofar kicin ta harɗe hannu, ta zo kallo. Na yi sallama, Baba kaɗai ya amsa da ƙarfi.

Na shirya wa tsawa, har na tanadi amsoshi. Amma Umma a hankali ta yi magana. Ta ce, "Ka san shekara nawa ina shiga gidajen mutane a garin nan ana tambayata me 'ya'yana ke yi? Ana yi mana kallon waɗanda suka zo suka maƙale, 'ya'yansu ba sa wuce bakin titi. Sau ɗaya na ɗaga kai. Sau ɗaya. Kai kuma ka ɗauki kwali ka bi layi kana shela."

Wannan ta fi tsawa zafi. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na ce, "Umma, ni na jawo, na sani. Amma da na soke, duk gidan da kika shiga shekara guda sai kin yi musu labarin na'ura. Yanzu babu abin da za su tono. Sun ci, sun yi mabruk, har Baba Alhaji ya kusa ba da haƙori. Ɗanki ya zauna jarrabawar lauyoyi, rabi da Turanci, ya samo sittin da ɗaya. Nasu 'ya'yan ko ƙofar ɗakin ba su gani ba."

Yaya ta ce, "Ka ga, da haka ka rubuta musu da ka sami saba'in."

Na buɗe kwalin na miƙa wa Umma ta ƙarshen. Ta kawar da kai. Ta san in ta ɗauka sai ta tambaya, in ta tambaya sai ta yi mabruk. Na bar hannuna a miƙe. Sai Baba ya miƙo nasa ya ɗauka, ya gyara tabarau, ya ce da muryar da yake yi wa baƙo a shago, "Ta mece ce?"

"Ta sittin da ɗaya ce, Baba."

"Mabruk." Ya raba ta biyu, ta riga ta saki, ya ci rabi, ya ajiye rabin a kan hannun kujerar Umma. Ta daɗe ba ta kalle shi ba. Can ta ɗauka ta ce ita ba ta yi wa kowa mabruk ba, almubazzaranci ne kawai ba ta so.

Na ɗauka an gama, sai Yaya ta biyo ni ɗaki ta rufe ƙofa. Wannan karon babu tsokana a fuskarta. Ta ce, "Ka gama wasan kwaikwayonka, ya yi kyau. Yanzu kunya ta wuce, kowa ya san lambar. To soke shi don kanka. Maɓallin yana nan har gobe da azahar. Ba don Umma ba, ba don Kano ba. Lissafi ne kawai. In ba su ɗauke ka bana ba, wannan makin zai cinye maka na baɗi."

Wannan ce ta fi wuya, don ba ni da abin da zan ce ta yi kuskure. Na ce mata na ji. Na ce amma ni na san kaina fiye da yadda lissafi ya san ni. In aka goge aka ce mini kamar ban taɓa zama ba, kafin wata biyu zan yarda cewa da ma na murƙushe ta, na'ura ce ta cuce ni, in koma saman bene in ci gaba da ƙwallo. Gara lambar ta zauna inda zan riƙa ganinta. Kuma na raba halawa a kanta, mutum goma sha wani abu sun yi mabruk, ba zan je in ce musu abin da suka ci babu shi ba. Sannan wa ya sani, wataƙila su ɗauke ni.

Ta ce, "Ba za su ɗauke ka ba."

"To sai su faɗa da bakinsu. Ba zan taya su ba."

Ta kalle ni ta girgiza kai, ta ce taurin kai dai a gidan nan gado ne, ta san kuma ta wajen wa.

Ran Alhamis da safe na cika takardar neman shiga na tura da makina. Sannan na shiga guruf ɗin dangi, inda abin ya faro, na danna na ce, "Jama'a, ba a ɗauke wuta ba. Sittin da ɗaya na samu, cikin ɗari, kafin ku tambaya. Laddun da kuka ci nata ne. Na gode da addu'a, a ƙara." Guruf ɗin da ba ya minti biyar shiru ya mutu har aka kira azahar. Na tafi masallaci na bar wayar a gida cikin safa. Da na dawo jan maɓallin ya koma toka, ba ya dannuwa. Saƙo ɗaya ne ya shigo, na Gwaggo. Ta ce, "To rigar fa? An riga an yanka yadi."

Kwalejin ta sa ni cikin jerin masu jira, na jira har aka fara karatu, ba su kira ni ba. Yanzu da safe ina zuwa ajin Turanci a Rusaifa, da la'asar ina juya tsire a wurin Kawu, inda har yau Barista ake kirana. Rigar ta iso a jakar wata mai Umara, hannuwanta sun tsaya mini a gwiwar hannu, Baba ya warware ya sake ɗinkawa, tana rataye a sif. Zan sake zama bayan Hajji, kuma duk abin da na samu za a haɗa shi da sittin da ɗaya a raba biyu.